Kifin Jarjis

Humt Suƙ, tsibirin Jarba
5 ga Oktoba, 1997

Yaya Wasila,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Si Lutfi da yara. Yaya ciwon ƙafar nan da ƙanƙarar wurin aiki ta sa miki? Mama lafiya lau, sai idon da ke damunta. Ta ce in tuna miki kakanku da kakarmu ciki ɗaya suka fito, don haka hayewa Italiya ba ta yanke zumunci.

Dubi saman takardar nan ki ga inda nake. Shekara tara da aure, ban taɓa kwana a wajen Gafsa ba sai yanzu. Bara maigidana Munji ya yi wata huɗu a nan yana gyara ƙofofin wani tsohon masaukin fatake da aka mayar otal. Mai wurin, Si Ramdan, ya yaba aikin, ya ce idan baƙi sun ragu ya kawo matarsa mu yi kwana bakwai. Na ɗauka maganar fatar baki ce, sai ga ni a jirgin fito, na ƙanƙame hannun Munji kamar yarinya. Kin san ni da ruwa.

Yaya, da ma kin ga wurin. Tsakar gida ce mai rijiya a tsakiya, ɗakuna sun zagaye ta sama da ƙasa. A da raƙuma ke kwana a ƙasan, yanzu Turawa ne. Mu muna sama, a ɗaki mai ƙubba, gadon a cikin bango yake, azarar dabinon kuwa ta girmi kakanninmu. Ƙofar ɗakin Munji ne ya yi ta da hannunsa, duk shigar da zai yi sai ya shafa ta. Mai girkin, Ummi Sasiya, ta ce na rame, ta ɗora ni a kan turararriyar shinkafa da ganye da kifi, ba ta barin wajen sai na suɗe kwano.

Shi kansa Munjin kamar an sake shi. Mutumin da tun da ƙofofin alminiyam suka kashe masa kasuwa ba ya haɗa magana uku a yini, yanzu shi ke sayo mini furen yasmin. Jiya ya ja ni shagon mai hoto, shi da ba ya son hoto. Ya sa an wanke guda uku, ya aika wa mahaifiyarsa ɗaya.

Ya kuma karɓi adireshinki ya kwafe, na ji shi yana ta maimaitawa kamar mai hadda. Na ce me za ka aika mata? Ya ce kaya ne masu nauyi, in Allah Ya yarda kafin sanyi ya kankama suna hannunki. To, ki share wuri.

Ki amsa mini a nan. Ko mun tafi za su biyo mu da wasiƙar.

Ƙanwarki,
Naziha

*

Mazara, Sisiliya
14 ga Oktoba

Amarya Naziha,

Na ga wasiƙarki, na gode Allah da kuke lafiya. Mu ma lafiya. Ƙafa tana nan yadda kika sani, duk wadda ta wuni tsaye tana fere kifi ai ba ta rasa abin faɗa. Ki ce wa Goggo ban manta da kowa ba, ita ce ba ta aiko mini da dabino.

Wato sai da kika tsufa za ki yi amarci? Ni Lutfi bai taɓa sayo mini fure ba, in ya so burge ni sai ya wanke hannu kafin ya zauna. Na karanta masa wurin yasmin ɗin, ya ce ki gaya wa Munji ya daina ɓata wa maza suna.

Kayan nan masu nauyi na gane su. Akwatin katakon da ya yi mini alkawari ne tun bikinku. Na riga na janye keken ɗinki daga bakin taga. In da sauran wuri a ciki ki cusa mini yaji da busasshen na'ana'a, na nan ba shi da ƙamshi.

Ki yi haƙuri da gajartar wannan, gidan ba daɗi a makon nan. Jirgin su Lutfi ya dawo ranar Juma'a, tarunsu ya jawo abin da ba kifi ba. Saurayi ne, ba takarda a jikinsa, ba wanda ya san sunansa. Wannan na uku ke nan tun rani. Lutfi ya kwana biyu bai ci abinci ba. Amma bari in bar wannan, kada in ɓata miki hutu.

Ki ci, ki yi ƙiba, ki bar mutumin nan ya kashe miki kwalliya.

Yayarki,
Wasila

*

Humt Suƙ
16 ga Oktoba

Yaya Wasila,

Ina gaishe ku duka. Har yanzu ban ga amsarki ba, na san hanya ce. Ni lafiya, sai ɗan mura da na kwasa, kuma yanzu za ki ji dalili.

Muna nan ba mu tafi ba. Kwana bakwai suka cika, na ɗaure kaya, Munji ya ce in kwance. Wai Si Ramdan ya ba shi gyaran tagogin sama, za mu ƙara kwanaki. Na ce nawa? Ya ce ya danganta da iska. Na rasa abin da ya haɗa taga da iska, amma ban ja ba.

Iskar kuwa tun Larabar makon jiya ba ta tsaya ba. Daga gabas take zuwa, tana shiga ta saman ƙubba tana wani irin gurnani. Turawan nan sun tafi, mu kaɗai muka rage a ɗaki ashirin. Idan na fito da hantsi sai in ji takun ƙafata yana bina. Kullum da safe Munji zai hau soro ya tsaya yana kallon teku, ya sauko ya ce, ba yau ba. In na tambaya, sai ya ce aikin yake nufi.

Ga abin murar. Ya kafe sai ya koya mini kwanciya a kan ruwa. A wannan watan, Yaya. Sau uku yana kai ni wani lungu inda ba kowa, ya tallabe bayana, ya ce in saki jiki. Ranar da na shaƙi ruwa na fara kuka, ya daka mini tsawar da bai taɓa yi ba, ya ce dole ki iya. Daga baya ya zauna a yashi ya dafe kai, ya yi ta ba ni haƙuri.

Ya sayo mini wata rigar sanyi mai kauri irin ta masunta, da takalmin roba. Na ce wannan ce kwalliyar amaryar? Ya yi dariya, amma dariyar iya baki ta tsaya. Takardar aurenmu da shaidar haihuwa kuma na same su a naɗe cikin leda ninki uku, an ɗaure da zare.

Sau biyu ya tafi garin Jarjis ta hanyar duwatsun nan da ta haɗa tsibirin da tudu, wai neman katako. Bai dawo da ko sanda ba. Akwai wani mutumin can, mai guntun yatsa, da ya zo nemansa shekaranjiya. Bai shigo ba, a bakin ƙofa suka tsaya. Ummi Sasiya ta leƙa ta gan shi, ta koma kicin ta turo ƙofa.

Wasiƙar Mama ta zo jiya. Munji ya karɓo ya buɗe ya karanta mini, kamar yadda ya saba. A ciki na ji cewa kafin mu taho ya kwashe kayan aikinsa duka ya ba ƙanensa. Da ya zo wurin sai ya yi sauri ya wuce.

Yaya, ko ciwo yake ɓoye mini? Mutum ba ya rabar da zarto da gudumarsa haka kawai. Ke kin fi ni sanin maza, ki gaya mini abin da kika gani.

Naziha

*

Mazara
24 ga Oktoba

Ƙanwata,

Gaisuwa gare ki da Si Munji. Allah Ya sawwaƙe murar. Mu lafiya muke.

Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya, ta biyunki jiya ta iso. Na karanta wa Lutfi, ya sa na maimaita masa wurin iskar da wurin rigar sanyin.

Na buga waya otal ɗin sau biyu. Duka biyun Si Munji aka kira mini. Ya ce kin tafi gidan wanka, ya ce komai lafiya, ya ce in gaishe da Lutfi in ce ya ajiye masa kujera. Na gode masa da gaisuwar.

Ba na jin ciwo ne, ki kwantar da hankalinki ta wannan wajen. Amma ga saƙon Lutfi, kuma kin san shekararsa ashirin da biyu a teku. Ya ce kifin Jarjis na wannan watan kashe mutane yake yi. Ya ce ya ga waɗanda suka ci da idonsa. Kada ki bari mijinki ya kusance shi, ke ma kada ki taɓa, ko wa ya miƙo miki, ko da wane irin daɗin baki. Ki karanta wannan wurin sau biyu, Naziha, a hankali, ke kaɗai.

Idan an gama tagogi ku koma Gafsa. Ko ba a gama ba ma ku koma. Idon Goggo yana bukatar mai sa mata magani.

Akwatin kuma na fasa, ba ni da wurin ajiye shi. Ki gaya wa Si Munji haka, da bakina.

Wasila

*

Humt Suƙ
1 ga Nuwamba

Yaya,

Lafiyar jiki ina da ita. Ki gafarce ni, yau ban iya doguwar gaisuwa.

Wasiƙunki biyu sun zo a jere. Ta ƙarshen ranar Alhamis Munji ya karanta mini ita a tsakar gida. Da ya zo wurin kifin na yi ta dariya, na ce Si Lutfi kishi yake, yana so a ce kifin Italiya kaɗai ne kifi. Munji bai yi dariya ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihunsa, ya hau soro.

Jiya da safe na shiga kicin ina taya Ummi Sasiya tsinke ganye, na ba ta labarin don ita ma ta yi dariya. Ta ajiye wuƙa ta dube ni.

Ta ce, "'Yata, ba kifi ake nufi ba."

Ta ce mai guntun yatsan nan kowa a gaɓar ya san sana'arsa, mutane yake lodawa a kwalekwale zuwa Italiya. Ta ce ɗan ƙanwarta ya bi shi shekara biyu da suka wuce, har yau uwar tana shimfiɗa masa gado. Na ce me ya hana ki gaya mini? Ta ce ta ɗauka da sanina, don ta ga girman takalmin robar, ƙafar mace ce.

Yaya, na zauna a ƙasan kicin ɗin. Na tuna saurayin da kika ce tarun su Si Lutfi ya jawo, wanda na karanta na ce Allah Ya ji ƙansa na wuce.

Bayan la'asar na same shi a soro. Bai musa ba. Ya ce sau uku ana hana shi biza. Ya ce a Gafsa ya zama abin nuni, kafintan da ba ƙofa, magidancin da ba ɗa, har mahaifinsa ya daina tambayarsa yaya aiki. Ya ce a can akwai aikin katako, akwai likitocin da za su duba mu. Na ce to me ya sa ka kawo ni nan, ka cika ni da fure?

Ya ce, "Na kasa zama, na kuma kasa barinki. Na san in na faɗa miki a gida ba za ki taka jirgin fito ba ma. Na so ki ɗan ji daɗi tukuna."

Wuri biyu ya kama a kwalekwalen. Ni ce kayan masu nauyi, Yaya, ni da shi.

Na yi kuka, na zage shi, na roƙe shi da girman iyayensa. Ya ce in na ƙi zai sa ni a motar Gafsa, amma shi zai tafi. Ya ce sa'a ashirin ce kawai in teku ta kwanta.

Yau da safe iskar ta faɗi. Tsakar gidan shiru, har tsuntsaye sun sauko bakin rijiya. Ban taɓa jin tsoron kyakkyawar rana ba sai yau. Mai guntun yatsan ya aiko cewa mu shirya ranar Litinin.

Ban ce masa i ba, ban ce a'a ba. In na koma gida ni kaɗai, me zan ce wa mahaifiyarsa? In na bi shi, me za a ce wa Mama? Ummi Sasiya ce za ta kai wannan gidan waya. Kada ki sanar da kowa a Gafsa tukuna. Ki yi mana addu'a, ki yafe mini duk abin da na taɓa yi miki.

Naziha

*

Mazara
10 ga Nuwamba

Naziha,

Ban san inda wannan za ta same ki ba. Na rubuta sunan Ummi Sasiya a bayan ambulan, ita ta san yadda za ta yi. Mu da rai, ban da wannan ba ni da labarin lafiya.

Wasiƙarki ta iso ranar Asabar. Ke ba ki iso ba.

Na buga otal, Si Ramdan ya ce kun yi masa sallama tun safiyar Litinin, kun ce gida za ku. Na buga shagon da ke kusa da gidan Goggo, na yi kamar gaisuwa ce, suka ce ai kuna Jarba kuna hutawa. Na ce haka ne, mantuwa na yi.

Ranar Alhamis wani jirgin masunta na nan ya ci karo da kwalekwale a kife. Sun tsamo gawar mutum goma sha ɗaya, biyu mata. Lutfi ya ce kada in je. Jiya na tafi ɗakin ajiye gawa. Ma'aikacin ya tambaye ni ko 'yar'uwata ce, na ce ƙanwata ce, ban tsaya yi masa lissafin kakanni ba. Ya yaye mini fuskar ta farko, babbar mace ce. Ta biyun sa'arki ce, da rigar sanyi mai kauri. Sai da na duba kunnenta, na ga ba tsagar nan da ɗankunne ya yi miki kina ƙarama, sannan na iya numfashi. Na fito ina hamdala, a bakin ƙofa kuma na tuna ita ma wata tana can tana jiran wasiƙarta.

Laifina ne da na yi miki zancen kifi. Na ji tsoron in na fito fili zai yaga takardar ya ƙara sauri, ko wani ya buɗe ta a hanya a kama shi. Na yi wayo inda ya kamata in yi ihu.

Kullum in na tashi aiki ina biyawa ta bakin tashar jiragen. Lutfi ya bar saƙo wajen duk wanda ya sani. Idan kina raye ki buga waya wurin aikina, ko kalma ɗaya ce.

Wasila

*

Gafsa
3 ga Disamba

Yaya Wasila,

Gaisuwa gare ki da Si Lutfi da yara. Muna gida, jikinmu lafiya. Na san an isar miki da saƙon wayata cewa muna raye, amma a shagon mutane ban iya faɗin sauran ba. Ummi Sasiya ta aiko mini da wasiƙarki. Ba laifinki ba ne, ni ce ban so in gane ba.

Na bi shi. Ranar Litinin ɗin aka kai mu wani gida a cikin gonar zaitun, bayan Jarjis. Mu arba'in da bakwai, an hana kowa leƙa waje. Kwana shida muka yi a nan, shi ya sa kika neme mu kika rasa. Ranar Lahadi da magariba aka kora mu bakin ruwa.

Yaya, kwalekwalen bai fi na mutum goma sha biyar ba. Mutane suka yi ta shiga ruwa suna hawa, yana ƙara nutsewa. Munji ya riga ni hawa, ya juyo ya miƙo mini hannu. Ruwa ya kai mini gwiwa, ƙafafuna suka tsaya. Ba shawara na yanke ba, tsayawa kawai suka yi. Mai guntun yatsa yana ta zagi.

Na ce, "Ka tafi, Munji. Ni ba zan iya ba."

Ya dube ni, ya dubi gabansa. Sai ya diro. Bai taɓa ni ba, ya wuce gaba na bi bayansa har bakin titi.

Ga abin da ban iya faɗa a waya ba. Kwalekwalen ya isa. Kwana biyu suka yi, ba wanda ya rasa ransa. Akwai ɗan unguwarmu a ciki, ya bugo wa gidansu waya, yanzu duk mai shan shayi a Gafsa ya san Munji ya hau ya sauko saboda mace. Ranar da labarin ya zo na kama zuciyata tana cewa da ma ba haka aka ji ba. Mutum arba'in da biyar, Yaya. Har yanzu ina istigfari.

Na ba shi wasiƙarki ya karanta, har wurin yarinyar nan. Ya miƙo mini ya ce wancan ba jirginmu ba ne.

Bai zage ni ba, bai ɗaga mini murya ba. Da ma ya yi. Yana ci, yana salla, yana gaishe da Mama. Bai karɓo kayan aikinsa daga wajen ƙanensa ba. Ya ce da bazara teku na kwanciya, kuma wannan karon wuri ɗaya zai kama.

Jiya muna shan shayi ya tambaye ni, in ya tafi aka daina jin ɗuriyarsa, shekara nawa zan jira shi. Na daɗe ina neman amsar da za ta tsayar da shi, ban samu ba. Na ce ban sani ba.

Ya gyaɗa kai, ya ce gara da na faɗi gaskiya.

Ki gaishe da yara. Ki rubuto mini ta gidan Mama.

Ƙanwarki,
Naziha